Gyaran Gidajen Haya na Bene Domin Tsimin Makamashi: Darasi Daga Ƙasar Amurka

Gabatarwa

Cikin watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu haƙo man fetur suka tsai da sayar da mai ga Amurka da waɗansu ƙasashe, saboda yaƙin da aka gwabza a watan nan tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya. Kafin a yi wata huɗu, gangar ɗanyen mai da ake saya dala 3 ta tasam ma dala 12. Waɗanda abin ya fi shafa a Amurka su ne talakawan jihohin arewa, inda sanyi ke kai ga daskarar da ruwa, kuma ba a iya zama cikin ɗaki da hunturu sai an ɗumama shi da mai ko iskar gas ko lantarki.

Tun daga lokacin nan Gwamnatin Amurka ta lura cewa biya wa talaka kuɗin wuta kowace shekara aiki ne da ba shi da iyaka, muddin gidan da yake ciki yana zubar da zafin da aka saya. Saboda haka ta shiga taimaka wa mutane su gyara gidajensu, yadda za su sami ɗumi da haske iri ɗaya da ɗan makamashi kaɗan. Wannan shi ake kira tsimin makamashi.

Gyaran gidan mutum ɗaya ba shi da wata wuya, domin mai shi ne ke kashe kuɗi, shi ne kuma ke cin moriya. Wuyar tana ga manyan gidajen bene masu ɗaukar iyalai da yawa, inda kowane iyali ke da nasa sashen, mai ginin kuwa wani ne dabam. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na iyalan Amurka haya suke zaune, da yawa daga cikinsu a irin waɗannan gidaje. Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa gyaran gidajen nan ba ya yiwuwa sai hukuma ta sa hannu, da hanyoyin da ta bi, da sharuɗɗan da ta gitta domin kada amfanin ya wuce ɗan haya.

Ta Ina Makamashi Ke Zuba?

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka abin yake ga iska. Tsohon gini yana da kafofi a gefen tagogi da ƙofofi, da wuraren da bututun ruwa da wayoyin lantarki suka ratsa bango. A dogon gini kuma iska mai ɗumi takan haye sama ta matakala da ramin lif, ta fice ta rufi, sa'an nan iska mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Ta haka mutanen hawan ƙasa ke rawar ɗari, na hawan sama kuwa suna gumi, alhali gini ɗaya ne.

Hanya ta biyu ita ce bango da rufi. Idan ba a shimfiɗa musu abin da ke tare zafi ba, kamar audugar gilashi ko soson roba, zafin ɗaki yakan ratsa su ya fita da hunturu, na rana kuma ya ratsa su ya shigo da bazara.

Hanya ta uku ita ce tukunyar ɗumama gini. A tsofaffin gidajen birnin Niyok tukunya ɗaya ce a ƙarƙashin ƙasa ke dafa ruwa, tururi ya bi bututu ya shiga kowane sashe. Mazauna ba su da ikon ragewa ko ƙarawa. Wanda zafi ya dame shi sai ya buɗe taga cikin tsakiyar sanyi, watau man da aka ƙone ya tafi ɗumama titi.

Sauran hanyoyin su ne tsohon firji, da ƙwayayen lantarki na da masu cin wuta da ke kwana a kunne a matakala, da famfo mai yoyon ruwan zafi. Kowane ɗaya ba wani abu ba ne, amma idan aka tara su a sassa 100, har tsawon shekara 20, kuɗin ya kai abin dubawa. Nauyin kuma ya fi faɗa wa marasa ƙarfi, domin rabon da suke kashewa kan makamashi daga cikin abin da suke samu ya kai kimanin ninki uku na abin da sauran iyalai ke kashewa.

Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓe Kuɗi

Mai karatu zai iya tambaya, in dai gyara yana mai da kuɗinsa, me ya hana masu gidaje su yi da kansu? Amsar tana ga yadda ake biyan kuɗin wuta, kuma hali biyu ne.

Hali na farko, kowane sashe yana da mitarsa, ɗan haya ne ke biya. A nan in mai gida ya sake tagogi ya kuma sayi sabon firji, ɗan haya ne kuɗinsa zai ragu, shi mai gida ba ya ganin ko sisi. Ɗan haya kuwa ba shi da ikon taɓa bango ko rufi, kuma ko da yana da iko, ba zai zuba dukiyarsa a ginin da zai iya bari baɗi ba.

Hali na biyu, mita ɗaya ce ga ginin duka, mai gida ne ke biya, ya cusa kuɗin cikin haya. A nan mai gida yana son gyara, amma ɗan haya ba ya ganin dalilin kashe fitila ko rufe taga, tun da abin da zai biya ba ya canzawa.

Ko ta wane hali, wanda ke da ikon yin abu dabam ne da wanda zai ci moriyarsa. Ban da wannan kuma akwai rashin jari. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, gidajen haya masu araha kuwa ribarsu kaɗan ce, yawancinsu kuma da bashin banki a kansu, bankin ba ya yarda a ci wani bashin ba da izninsa ba. Daɗin daɗawa, in mai gida ya samo kuɗin ya yi gyara, hanyar da ta fi masa sauƙi ta mai da kuɗinsa ita ce ya ƙara haya, sai talakan da aka yi gyaran dominsa ya tashi ya bar wa mai hali. Waɗannan abubuwa ne suka sa gwamnati ta shiga tsakani.

Shirin 1976 da Sharuɗɗansa

A 1976 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a wata doka wadda ta kafa shirin taimaka wa marasa ƙarfi su kare gidajensu daga sanyi da zafi, wanda aka fi sani da WAP. Da aka kafa Ma'aikatar Makamashi a 1977 sai shirin ya koma hannunta. Gwamnatin tarayya ce ke ba jihohi kuɗi, jihohi su ba ƙungiyoyin taimakon jama'a da ƙananan hukumomi, su kuma su aika ma'aikatansu ko 'yan kwangila su yi aikin. Iyalin da aka yi wa gyara ba ya biyan kome. Da farko aikin bai wuce toshe kafofi da manna leda a tagogi ba, amma a hankali ya kai ga shimfiɗa kariya a bango da rufi da sake tukunyar ɗumama gida. Ma'aikatar ta ce iyalai fiye da miliyan 7 sun amfana tun daga 1976.

Tun daga 2009, iyalin da abin da yake samu bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na ƙasar ba ya cancanci taimako. To, amma gidan bene ba a iya gyara masa rabin rufi, ko a ɗumama sashen talaka a bar na maƙwabcinsa. Don haka aka yi ƙa'ida cewa za a gyara ginin duka in aƙalla kashi 66 cikin 100 na sassansa iyalai masu cancanta ne ke ciki. Alal misali, gini mai sassa 50 yana bukatar iyalai 33 masu cancanta. A ƙananan gidaje masu sassa biyu ko huɗu, kashi 50 cikin 100 ya isa.

Tattara takardun shaidar abin da iyalai masu yawa ke samu ya kasance babban cikas. Saboda haka a 2010 aka yi sabuwar ƙa'ida, Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, wadda ta riga ta san halin mazauna gidajen da take tallafa wa, ta riƙa ba da jerin gine-ginen da suka cancanta, ba sai an bi ƙofa-ƙofa ba.

Sharuɗɗan da suka fi muhimmanci su ne waɗanda suka shafi mai gida. Na ɗaya, ba a fara aiki sai da izninsa a rubuce. Na biyu, lalle ne yawancin amfanin ya tafi ga 'yan haya marasa ƙarfi. Na uku, ba zai ƙara haya ba saboda gyaran har wani lokaci da jiha ta ƙayyade, sai fa in ƙarin ya taso daga wani dalili dabam da za a iya nunawa. Na huɗu, kada gyaran ya ƙara wa ginin daraja fiye da kima. Na biyar, jiha tana da ikon neman mai gida ya ba da nasa kason na kuɗin aiki. Haka kuma dole jiha ta buɗe hanyar da ɗan haya zai kai ƙara in an saɓa alkawari. Inda mai gida ne ke biyan kuɗin wuta, sai a nemi ya nuna yadda amfanin zai kai ga mazauna, ko ta tsawaita lokacin da hayar za ta zauna da araha, ko ta mai da rarar cikin waɗansu gyare-gyare na ginin.

Awo Kafin Aiki

Ba a taɓa gini sai mai bincike ya auna shi. Yakan karɓi takardun biyan wuta da gas na shekara guda ko fiye, ya duba rufi da bango da tagogi, ya gwada tukunya ya ga yadda take ƙone mai. Akwai kuma wata fanka mai ƙarfi da ake ɗaurawa a bakin ƙofa, ta zuƙe iskar ciki, ta haka a san yawan iskar da ke shigowa ta kafofi da kuma inda suke. Sa'an nan a zuba bayanan a kwamfuta ta ƙiyasta abin da kowane gyara zai ceto.

Ƙa'idar zaɓe kuwa ita ce, kuɗin da gyara zai ceto cikin tsawon rayuwarsa ya kai abin da aka kashe a kansa ko ya wuce. A ƙaddara sabuwar tukunya za ta ci dala 40,000, za ta yi shekara 20 tana aiki, kuma za ta rage kuɗin gas da dala 3,000 kowace shekara. Jimlar abin da za ta ceto dala 60,000 ke nan, watau ninki ɗaya da rabi na kuɗinta, don haka ta cancanta. In kuwa sabbin tagogi za su ci dala 90,000 su ceto dala 60,000, ba su cancanta ba, sai in mai gida ya yarda ya biya bambancin. Lissafi na ainihi yakan ɗan rage darajar kuɗin shekaru masu zuwa, amma tushensa ke nan. Sau da yawa abubuwa masu araha, kamar toshe kafofi, da naɗe bututun ruwan zafi, da sa ƙwayayen LED, da daidaita tukunya, su ne ke zuwa kan gaba.

Akwai kuma maganar lafiya. Ginin da aka toshe ƙwarai, in ba a yi masa hanyar shaƙar iska ba, danshi yakan taru, fumfuna ta fito, kuma iskar gubar nan marar wari da ke fita daga wutar da ba ta ci sosai ba tana iya kashe mutum yana barci. Saboda haka wajibi ne a gwada kayan ƙone gas, a sa fankokin fitar da iska da na'urar gargaɗi. Ginin da rufinsa ke yoyo ko wayoyinsa suka lalace akan jingine shi har a gyara, kuma da yake irin waɗannan gidaje su ne na mafi talauci, a 2022 aka ware wani asusu domin yin gyaran share fage.

Waɗansu Hanyoyin Taimako

Ban da kyautar aiki, gwamnati ta bi waɗansu hanyoyi uku.

Ta farko ita ce tallafi ko rance mai sauƙi a kan alkawarin araha. A 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar farfaɗo da arziki. Dokar ta ba shirin WAP dala miliyan dubu 5, ta kuma ɗaga matsakaicin abin da za a iya kashewa a kowane gida daga dala 2,500 zuwa dala 6,500. Har ila yau ta ba Ma'aikatar Gidaje dala miliyan 250 domin gyaran gidajen haya masu sassa da yawa waɗanda take tallafa wa. Mai gidan da ya karɓa yakan ɗauki alkawarin ci gaba da ba marasa ƙarfi haya da araha har ƙarin shekara 15. Wani nazari da aka buga a 2014 ya nuna gine-ginen da aka duba cikin shirin sun rage makamashi da kashi 18 cikin 100, ruwa kuma da kashi 26.

Ta biyu ita ce biyan gyara daga rarar da ya haifar. A gidajen gwamnati, Ma'aikatar Gidaje ce ke biya wa hukumomin gidaje na birane kuɗin wuta da ruwa. A da, in hukuma ta yi tsimi sai a rage mata tallafi, saboda haka babu mai ƙoƙari. Da aka gane wannan, aka yarda hukuma ta ƙulla yarjejeniya da kamfani ya yi gyaran da kuɗin rance, ma'aikatar ta ci gaba da ba da tallafi kamar da, a riƙa biyan rancen daga rarar, har tsawon da zai iya kai shekara 20.

Ta uku ita ce saye da yawa. Hukumar gidaje ta birnin Niyok tana da sassa fiye da 170,000, don haka duk abin da ta ce tana so, kamfanoni sukan saurara. Daga 1996 ta haɗa kai da hukumar lantarki ta jihar, suka shiga sake tsofaffin firji dubbai kowace shekara, kuma kamfanin Maytag ya ƙera ƙaramin firji domin wannan ciniki, wanda wutar da yake ci ba ta kai rabin ta tsofaffin ba. A ƙarshen 2021 aka sake bin wannan dabara, aka nemi kamfanoni su ƙera na'urar da za a ɗora a taga kamar iyakwandishan, ta ɗumama ɗaki da hunturu ta hanyar jawo zafi daga iskar waje, ta kuma sanyaya shi da bazara. A 2022 aka zaɓi kamfanonin Midea da Gradient da niyyar sayen na'urori 30,000, a 2023 kuma aka fara gwada su a rukunin gidajen Woodside. Babban amfaninsu ga mazauna shi ne kowa ya daidaita zafin ɗakinsa da hannunsa.

Doka da Tara

Taimako kaɗai ba ya motsa kowane mai gida, don haka waɗansu birane suka haɗa da doka. A 2009 birnin Niyok ya wajabta wa masu manyan gine-gine su riƙa ba da rahoton makamashi da ruwan da suka yi amfani da su kowace shekara. Daga 2020 akan manna wa gini makinsa a bakin ƙofa, daga A zuwa ƙasa, yadda mai neman haya zai gani da idonsa. A 2019 kuma majalisar birnin ta yi doka mai lamba 97, wadda ta sa wa yawancin gine-ginen da faɗinsu ya wuce murabba'in ƙafa 25,000 iyakar hayaƙi mai ɗumama duniya da za su fitar. Iyakar ta fara aiki a 2024, an kuma tsara ta ƙara tsanani a 2030, tarar kuwa dala 268 ce a kan kowane tan da ya wuce iyaka. Gidajen marasa ƙarfi da waɗanda hukuma ke ƙayyade hayarsu an yi musu wata hanya mai sauƙi, domin kada nauyin tara ya koma kan 'yan haya.

Abin da Bincike Ya Nuna

Bai kamata a ɗauka cewa kowane gyara yana cika alkawarinsa ba. Masana tattalin arziki uku, Meredith Fowlie da Michael Greenstone da Catherine Wolfram, sun bi diddigin iyalai kimanin 30,000 a jihar Mishigan, suka buga sakamakon a 2018. Sun tarar gidajen da aka gyara sun rage makamashi da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, amma abin da kwamfuta ta ƙiyasta ya ninka wannan fiye da sau biyu, kuma kuɗin aikin ya kusa ninka abin da aka ceto. Ma'aikatar Makamashi da masu goyon bayan shirin sun amsa cewa lissafin bai ba lafiyar mazauna da tsaron rayukansu cikakkiyar daraja ba, kuma an yi aikin ne lokacin da aka faɗaɗa shirin cikin gaggawa. Ko da yake nazarin bai taƙaita ga gidajen bene ba, darasinsa ya shafe su, watau a riƙa komawa kan mita bayan aiki a ga abin da aka samu a zahiri, a kuma koya wa mai kula da gini yadda zai sarrafa sabbin na'urori.

Abu na biyu shi ne kuɗin gwamnati yana hawa yana sauka tare da siyasa. A 2021 dokar gina ababen more rayuwa ta ƙara wa WAP dala miliyan dubu 3 da rabi. A watan Agusta na 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar rage hauhawar farashi, wadda ta ba Ma'aikatar Gidaje dala miliyan dubu 1 domin gyaran gidajen haya masu sassa da yawa. Amma ran 4 ga Yuli, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata doka da ta janye abin da ba a riga an ɗaure da yarjejeniya ba daga wannan kuɗi, ta kuma sa wa'adin ƙarewar waɗansu rangwamen haraji na tsimin makamashi a gine-gine. Gyaran babban gini kuwa yakan ɗauki shekara biyu ko uku daga bincike zuwa gamawa, saboda haka rashin tabbas yana sa masu gidaje da 'yan kwangila su ja da baya.

Abin Lura Ga Nijeriya

A Nijeriya zafi ne abokin gaba, ba sanyi ba, amma matsalar mai gida da ɗan haya iri ɗaya ce. A gidajen bene na Legas da Abuja da Kano, mai gida ne ke zaɓar kwanon rufi da silin da girman tagogi, ɗan haya ne ke biyan wutar fanka da iyakwandishan da man janareta. A gidan da mita ɗaya ce ake raba kuɗinta bisa yawan ɗakuna, mai firji biyu da mai ƙwan lantarki ɗaya sukan biya daidai, wannan kuwa yana kawo rigima kuma yana kashe ƙwazon tsimi. Lamarin ya ƙara nauyi a watan Afrilu na 2024, lokacin da hukumar kula da lantarki ta ɗaga farashin masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit.

A 2017 Ma'aikatar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta wancan lokaci ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana a kan girman tagogi, da inuwar da ake yi musu, da kariyar rufi, da fitilu, da ingancin iyakwandishan. Ƙa'idar ta fi shafar sabbin gine-gine. Game da waɗanda aka riga aka gina, abin da Amurka ta gani cikin shekaru kusan 50 yana nuna matakai huɗu ga duk hukumar da ke son ba da taimako. Ta sa a auna gini kafin a taɓa shi, ta fara da gyara mai araha wanda ke mai da kuɗinsa da wuri, ta rubuta yarjejeniya da mai gida a kan haya kafin ta saki kuɗi, sa'an nan ta koma ta duba mita bayan shekara guda. Ƙungiyoyin mazauna rukunin gidaje ma suna iya farawa tun yanzu da abin da ke hannunsu, kamar neman mita ga kowane sashe, da sake fitilun matakala da na harabar gida, da haɗa kuɗi a sayi kaya masu tsimi a sari.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Waɗanne hanyoyi ne makamashi ke bi yana zuba a tsohon gidan bene?

2. Me ya sa mai gida ba ya ɗokin gyara in ɗan haya ne ke biyan kuɗin wuta? Me kuma ke faruwa in mai gida ne ke biya?

3. Gini yana da sassa 80. Iyalai nawa masu cancanta ake bukata kafin a gyara shi duka a ƙarƙashin shirin WAP?

4. Wani gyara zai ci dala 24,000, zai yi shekara 15, zai ceto dala 1,400 kowace shekara. Shin ya cancanta?

5. Waɗanne sharuɗɗa ne ke kare ɗan haya bayan an gyara ginin da yake ciki, kuma wanne daga cikinsu zai fi wuyar tabbatarwa?

6. Me nazarin jihar Mishigan ya koyar game da ƙiyasi da kuma awo bayan aiki?